Bayan na ji mawaƙan coci ido da ido, ina so in tayar da fayafayan garmahon Baba

"Malam, barka da aiki. Ni mazaunin Katsina ne. A makon Kirsimeti na je taron waƙoƙi a cocinmu, an gayyato wata ƙungiyar mawaƙa masu jita da ganguna da piyano, matan zumunta kuma suka shigo da tulunansu da caki. Yadda kiɗan nan ya ratsa ni, ban taɓa jin irinsa a waya ba. Da na koma gida sai na tuna da adakar marigayi mahaifinmu. Na buɗe na tarar da fayafayan garmaho kusan 40, wasu na waƙoƙin bishara, wasu na makaɗan Hausa, ga kuma tsohon rediyonsa mai garmaho a sama. Shin faifai zai ba ni irin sautin da na ji a coci? Kuma yaya zan kunna su ba tare da na lalata su ba?"

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara muku haƙurin rashin Baba. Tambayarka biyu ce: ko faifai zai kamo sautin da ka ji a coci, da yadda za a tayar da kayan da suka daɗe a ajiye. Kafin komai ina roƙonka abu guda. Kada ka ɗora allura kan faifai ko ɗaya, kada kuma ka jona rediyon nan da wuta, sai ka bi matakan da zan zayyana. Faifan da ya shekara 40 a adaka lafiya lau, tsohuwar allura tana iya cinye shi a 'yan kunnawa kaɗan, kuma abin da allura ta kankare ba ya dawowa.

Abin da ya ratsa ka a coci

Yawancin abin da ka ji a daren nan a ƙirjinka ka ji shi, ba a kunne kawai ba. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa. Babbar ganga da tulun matan zumunta su ma can ƙasa sautinsu yake. Kafin a fitar da irin wannan sauti sai an tura iska mai yawa, shi ya sa ake girke manyan lasifikoki masu faɗin inci 15 ko 18. Lasifikar waya kuwa ba ta kai farcen babban yatsa ba, wannan sashe na kiɗan ba ta iya fitar da shi sam. Ƙara da amsa-kuwwar bangon coci, da muryoyin jama'ar da ke gefenka suna amshi, da ganin hannun mai ganga kafin bugun ya iso kunnenka. Babu faifai ko kaset ko waya da ke ɗauke da waɗannan.

Sai in faɗa maka gaskiya kan faifai, ko da masu sha'awarsa ba za su so ji ba. A ma'aunin tsabtar sauti, faifan garmaho bai kai faifan CD ba. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi a CD ta kai desibel 96 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), a faifan garmaho mai kyau kuwa tsakanin 60 da 70 take. Lokacin yanka faifai ma rage ƙarfin bes ake yi da gangan, a ƙara siririn sauti, domin in an bar bes yadda yake tsagin zai yi faɗi ya cinye wuri, allura ta riƙa tsalle. Amfilifaya ce ke mayar da shi daidai a lokacin kunnawa, bisa tsarin da ake kira RIAA wanda kamfanoni suka amince da shi a 1954. Waƙar ƙarshe ta kowane gefe kuma ba ta kai ta farko tsabta ba, saboda a bakin faifai tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa bai fi 20 da 'yan kai ba.

Duk da haka na goyi bayan niyyarka ɗari bisa ɗari. Faifai ta amfilifaya da lasifikoki biyu na katako masu inci 6 ko 8 zai ba ka jiki da nauyin kiɗa da waya ba ta taɓa ba ka ba. Galibin waƙoƙin coci na wancan zamani a tare aka ɗauke su, mawaƙa da makaɗa a ɗaki ɗaya, don haka za ka ji numfashin taro a ciki, wanda shi ne mafi kusa da abin da ya motsa ka. Sannan da yawa daga cikinsu ba a taɓa mayar da su kaset ko intanet ba. Mai yiwuwa kwafin da ke adakar Baba yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Ba kai kaɗai ka waiwayo ba kuma: a Amurka, a 2022, yawan fayafayan garmaho da aka sayar ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

Fara da rarraba su

Shimfiɗa tsabtataccen zane a inuwa, ka wanke hannu, ka riƙa kama faifai ta baki da tsakiya, ban da wurin tsagi. Iri uku za ka tarar.

Akwai babba mai faɗin inci 12, marar nauyi, mai ɗan lanƙwasuwa in ka motsa shi. Shi ne mai zagaye 33⅓ a minti, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, kowane gefe yana ɗaukar kamar minti 20. Akwai ƙarami mai inci 7, mai zagaye 45, na kamfanin RCA Victor daga 1949, yawanci waƙa ɗaya a gefe, wani da babban rami a tsakiya da ke buƙatar 'yar roba kafin ya zauna. Waɗannan biyun da roba aka yi su. Fayafayan da EMI da Decca da Philips suka riƙa fitarwa a Najeriya a shekarun 1960 da 1970, har da na makaɗan Hausa irin su Alhaji Mamman Shata, galibi cikin waɗannan biyun suke.

Na uku shi ne mai zagaye 78, yawanci inci 10, mai nauyi, mai tauri, in ka ƙwanƙwasa shi da farce ya yi ƙara kamar tangaran. Da wani irin ƙaro ake yinsa, kuma in ya faɗi fashewa yake yi. Minti 3 ne kacal a gefe. A gidajen Kirista na Arewa a kan samu irinsa daga hannun 'yan mishan. Ƙungiyar Gospel Recordings, wadda Joy Ridderhof ta kafa a Los Angeles a 1939, ta buga fayafayan wa'azi da waƙoƙi cikin harsuna masu yawa, har ta riƙa raba ƙananan garmaho da ake juyawa da hannu domin ƙauyukan da ba wuta. Duba tambarin tsakiya, gudun faifai a rubuce yake a can.

In ka ci karo da wanda cikinsa ƙarfe ne aka shafe shi da baƙin fenti, tambarinsa rubutun hannu ko na tafireta, ware shi gefe. Irin wanda ake yankawa guda ɗaya ne a ɗakin ɗaukar sauti. In fentin ya fara tsagewa kada ruwa ya taɓa shi, kada a kunna shi, aikin ƙwararrun adana sauti ne.

Wanki

Ƙurar hunturun Katsina ba a faɗa maka ita. Wadda ta shige tsagi yashi ce, in allura ta bi ta kanta sai ta zama kamar ana goga faifan da sanfefa. Goge faifai da busasshen tsumma kuwa ƙara tura ta ciki yake yi, ya kuma tayar da 'yar wutar gogayya da ke jawo wata ƙurar, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da iska ta bushe ƙayau.

Nemi tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota ko na sola. Tabbatar tataccen ruwa ne zalla, domin masu batir suna sayar da mai asid a irin jarkar. Ruwan burtsatse da na leda duk suna barin farin gishiri a tsagi in sun bushe. A lita 1 ka ɗiga ɗigo 2 na sabulun ruwa na wanke kwanuka, kada ka wuce haka, yawan sabulu shi ma saura yake bari. Kwantar da faifan kan tawul mai laushi, ka kife ƙaramin kofi kan tambarin don kada ya jiƙe. Da sabon burushin fenti mai laushin gashi ka bi tsagi a zagaye, sau 4 ko 5, ban da gicciye. Ɗauraye da tataccen ruwa marar sabulu, ka tsane shi da tsumma marar zare-zare, ka jingine shi a tsaye cikin ɗaki na awa guda. Juya ka yi ɗaya gefen. Wanda ya yi fumfuna saboda damina, wanke shi sau biyu.

Mai zagaye 78 shi ma haka, amma da sauri, kada a jiƙa shi cikin roba, a kuma bar shi ya kwana yana bushewa. Sifirit narkar da shi yake yi, ko ɗigo kada ya taɓa shi. Fetur da kananzir da man goge takalmi, waɗanda wasu ke shafawa don faifai ya yi ƙyalli, ba su da wuri a kan kowane irin faifai.

Rediyon Baba

A irin waɗannan manyan rediyo na falo, ɓarnar da na fi tararwa iri huɗu ce. Ɓera ya ci wayoyi. Giris ɗin ƙarƙashin faranti ya daskare ya zama kamar ƙaro, sai hannun allura ya ƙi tashi ko ya ƙi sauka. Ƙaramar tayar robar da ke juya farantin ta bushe ta yi santsi, waƙa ta riƙa jan ƙafa. Sannan kafasitocin ciki, wato 'yan kayan da ke tara wuta, sun bushe, waɗanda in aka ba su wuta kai tsaye sukan fashe ko su ƙona taransifoma. In mai kwalaben fitila ne a ciki, wutar da ke yawo a cikinsa ta kai ɗaruruwan bolt, tana kuma iya zama a ciki bayan an cire shi daga soket. Kada ka sa hannu. Kai shi wurin tsohon mai gyaran rediyo, irin dattawan da suka yi aikin kafin zuwan waya, ka ce a canja kafasitocin wuta, a wanke tsohon giris da kananzir a sa sabo kaɗan, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo 2 a sandar faranti, a kuma kiyaye kada mai ya taɓa tayar roba.

Ko an gyara shi, shawarata ita ce ka bar shi ya zama na tunawa da Baba da sauraren rediyo. Hannun irin waɗannan yana danna faifai da nauyin giram 5 ko fiye. Ga fayafayan da ba su da madadi, nemi garmaho na daban. Ka guji sababbin nan masu kama da ƙaramar jaka da lasifika a jiki: allurarsu mai arha ce, hannunsu ba a saita shi, girgizar lasifikar kuma tana komawa kan allura.

Na hannu mai kyau ya fi su nesa. A wajen masu kayan sauti na gwanjo a Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas a kan samu na Technics, Pioneer, Sony da Dual. Wanda nake so ka nema shi ne mai ma'aunin nauyi a bayan hannu, dunƙulen ƙarfe mai lambobi da ake murzawa. Galibi iri biyu ne: mai bel, da wanda injinsa ke juya faranti kai tsaye kamar Technics SL-1200 da ya fito a 1972. A zafinmu bel yakan saki ko ya narke ya manne, don haka in mai bel ka saya, nemi sabon bel tun a wurin. Yawancinsu 33 da 45 kawai suke yi. In kana da masu 78 da yawa sai ka nemi mai gudu uku.

Juya bayansa ka karanta farantin bayanin wuta kafin ka biya. Wutarmu bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa. Kayan Turai sun dace da ita. Na Amurka bolt 120 ne mai bugu 60, na Japan bolt 100. Taransifomar rage wuta tana gyara bolt amma ba ta gyara bugu, kuma akwai injinan da gudunsu da bugun wuta yake tafiya. Irin wannan in na Amurka ne, a nan zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, muryoyi su yi kauri, waƙa ta riƙa jan ƙafa. Ƙaramin janareto ma haka yake wasa da gudun irin wannan inji duk lokacin da firji ya tashi. Wanda aka rubuta Quartz a jikinsa bai damu da wannan ba. Gwajin gudu ba ya buƙatar na'ura: manna 'yar takarda a bakin faranti ka ƙirga. A 33⅓ zagaye 100 cif zai yi a minti 3, a 45 kuwa zagaye 45 a minti 1.

Allura da nauyinta

Nan ne ake kashe fayafayai. Kowane garmaho ka samu, na Baba ko na kasuwa, ɗauka cewa allurarsa ta mutu, ka sa sabuwa. Bakin allura ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u ne mai santsi. In ya cinye sai ya yi kaifi kamar kurfi, ya riƙa sassaƙar bangon tsagi. Ta daimon tana yin awa 500 zuwa 1,000, mai arha ta yakutu ba ta wuce kamar awa 50. Alamar mutuwarta ita ce harafin "s" ya riƙa tsatsa, muryoyin mata in sun hau sama su dagule. Lambar kan allurar tana rubuce a jikinsa, da ita ake neman wadda ta dace. In ba a samu ba, a canja kan gaba ɗaya. Audio-Technica AT-VM95E sananne ne, allurarsa kuma ba ta wuyar samu.

Allurar 33 da 45 daban take da ta 78. Tsagin 78 ya fi faɗi, allurarsa ta ninka ɗayar kauri kamar sau huɗu. Siririya a kan 78 sai ta nutse ƙasan tsagi ta kwaso shuu kawai, mai kauri a kan 33 kuwa ɓarna ce. Tsofaffin rediyo suna da allura mai fuska biyu da ake juyawa da ɗan maratayi, gefe ɗaya LP (na masu 33 da 45), ɗayan 78. Tsohon garmahon da ake murɗawa da hannu, mai allurar ƙarfe, kuma na 78 ne kaɗai, allurar ma gefe ɗaya take yi a jefar. In aka ɗora ta kan faifan roba, kunnawa ɗaya ta gama da shi.

Ga yadda ake saita nauyi. Ajiye garmahon kan tebur mai ƙarfi da ya daidaita, ba kan lasifika ba. Mayar da maɓallin da aka rubuta anti-skate, wanda ke hana hannun zamewa zuwa tsakiyar faifai, zuwa 0. Murza dunƙulen baya har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Riƙe dunƙulen, ka juya zoben lambobi kawai zuwa 0. Sannan ka murza dunƙulen duka zuwa nauyin da kamfanin kan allurar ya faɗa, na AT-VM95E giram 2 ne. Sa anti-skate a lamba ɗaya da shi. In kana son tabbaci, ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya yana auna shi. Al'adar ɗora kwabo a kan allura don kada ta yi tsalle, a bar ta. Tsalle alama ce ta datti a tsagi, ko tebur a karkace, ko allura ta mutu. Rage nauyi fiye da ƙima shi ma ɓarna ne, domin allurar sai ta riƙa karo da bangon tsagi tana farfasa shi.

Wutar da ke fita daga irin wannan kan allura 'yar mitsitsiya ce, kamar milibolt 4, don haka a ramin da aka rubuta PHONO a bayan amfilifaya ake jona shi. In ka sa a AUX za ka ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri, ba bes. In amfilifayarka ba ta da PHONO, ana sayar da ƙaramin akwati da ake sawa a tsakani. Akwai kuma siririyar waya ta uku da ake ɗaurewa a kusar GND. In ka manta da ita, gurnani "huuum" zai cika ɗakin.

Abin da ba ya gyaruwa, da ajiya

Daga nesa ba zan iya yanke hukunci kan kowane faifai ba, amma ga gwajin da za ka yi da kanka. Haska shi da tocila a karkace. Zanen da ido ke gani amma farce ba ya ji, yawanci ba ya damun sauti. Wanda farce ya maƙale a cikinsa zai riƙa "ƙas, ƙas" a kowane zagaye har abada. Tsagin da ya koma toka-toka maimakon baƙi mai sheƙi, tsohuwar allura ta riga ta cinye shi, wanki ba zai dawo da shi ba. Wanda ya ɗan lanƙwashe, sa shi tsakanin gilasai biyu masu kauri, ka ɗora littattafai, ka bar shi makonni a cikin ɗaki. Wani ya miƙe, wani ya ƙi. Shanya shi a rana don ya miƙe narkar da tsagin yake yi.

A tsaye ake ajiye faifai kamar littattafai a kanta, kada a jibge su kan juna, kada kuma su jingina a karkace. A bazara zafin Katsina yana haura digiri 40, ɗakin da ba silin kuwa ya fi haka a kusa da kwano, don haka kan wadirob da bayan mota ba wurinsu ba ne. Nemi ɗakin da ya fi sanyi, ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara da danshin Agusta. Tsohuwar rigar takarda ta ciki in ta rube a canja ta, amma kwalin waje ka adana shi ko ya yage, domin a jikinsa sunan ƙungiyar mawaƙa da cocinsu da shekarar bugu suke.

Ranar da za ka fara kunna kowane faifai bayan wanki, ɗauki sautinsa a kwamfuta tun a wannan karon. Jawo waya daga ramin REC OUT na amfilifaya zuwa ƙaramar na'urar shigar da sauti ta USB, ka yi amfani da manhajar Audacity, kyauta ce. Saita ƙarfin yadda wuri mafi ƙara ba zai wuce -6 ba a ma'auni, ka adana a tsarin WAV, wanda ke cin kusan megabayit 10 a minti, wato kamar 400 ga babban faifai gaba da baya. Ɗauki hoton tambari da kwali ka haɗa a jaka ɗaya, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Fara gwaji da faifan da ka fi rashin damuwa da shi, na bishara da ba su da madadi su zo daga baya, bayan hannunka ya faɗa. In ka gama, kai wa shugaban mawaƙan cocinku da dattawan matan zumunta kwafi su saurara. Su ne za su gane muryoyin da ke ciki da baitocin da aka daina rerawa, ka rubuta abin da suka faɗa a takarda ka sa cikin kwalin kowane faifai.